Yadda Ake Kasafin Kuɗin Tafiyar Hawan Tsaunuka da Keke a Ƙasar Waje: Misalin Gaɓar Tafkin Kivu

Duk wanda ya zo mini da maganar zuwa wata ƙasa ya yi yawon tsaunuka a kan keke, tambayarsa ta farko ɗaya ce: nawa ne kuɗin jirgi? Da ya ji amsa sai ya ɗora ɗan wani abu a kai, ya ce tafiya ta yiwu. Alhali tikiti shi ne mafi sauƙin lissafi a cikin tafiyar gaba ɗaya, don farashinsa a rubuce yake, ka biya ka huta. Abin da ke zubar da mutum ƙanana ne, irin kuɗin kwalin keke a filin jirgi, motar da za ta mayar da keken haya inda aka ɗauko shi, kwana ɗaya da ruwan sama ya ƙara maka, da canjin da ya tashi tsakanin ranar da ka yi niyya da ranar da ka tashi.

Don kada maganar ta zama a iska, zan ɗauki hanya guda mu bi ta tun daga gida har dawowa. Ita ce hanyar Kongo da Nilu ta ƙasar Ruwanda, wadda a can ake rubuta ta Congo Nile Trail. An buɗe ta a 2011, tsawonta kilomita 227, ta tashi daga Rubavu a arewacin Tafkin Kivu ta ƙare a Rusizi a kudu. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kwana 10, mai keke kwana 5. Tsarin lissafin da za mu yi zai yi maka aiki ko tsaunukan Atlas na Maroko ka nufa, ko na Alps a Faransa. Lambobin ne kawai za su canja.

Mataki na 1: Rubuta kwanakin kafin ka rubuta kuɗi

Ɗauki takarda ka jera kwanakin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da inda za ka kwana. Kasafin da ba a ɗora shi a kan kwanaki ba, zato ne kawai.

Ga yadda na Kivu yake fitowa. Rana ta 1 ka sauka Kigali. Rana ta 2 ka shiga mota a tashar Nyabugogo zuwa Rubavu, tafiyar awa 3 zuwa 4 ta hanyar Musanze. Rana ta 3 ka karɓi keke, ka gwada shi a kusa da gari, jikinka ya saba da iskar wurin. Daga rana ta 4 zuwa ta 8 kana kan hanya. Rana ta 9 ka komo Kigali, rana ta 10 ka tashi. Ka ga tafiyar da aka ce ta kwana 5 ta zama kwana 9 a masauki da yini 10 na cin abinci. A nan yawancin mutane suke fara yin kuskure, su yi lissafin kwanakin tuƙi kaɗai.

Wannan rana ta 3 kar ka cire ta don tsimi. Tafkin kansa yana kan tudun da ya kai mita 1,460 sama da teku, kuma daga bakinsa hanyar hawa take yi tana gangara, ba ta san shimfiɗa ba. Wanda ya saba da keke a filin Kano ko Maradi zai ji numfashinsa ya gajarta a hawan farko.

Sannan zaɓi wata. Ruwanda tana da damina biyu: babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga wajen Oktoba zuwa farkon Disamba. Rani mafi tsawo daga Yuni ne zuwa Satumba. A damina ana iya samun masauki da rahusa, amma jar ƙasar nan idan ta jiƙe tana manne wa taya har keke ya ƙi juyawa, tana kuma cinye robar birki da sarƙa. Abin da ka rage a ɗaki sai ka biya shi wajen mai gyara. Duba kalandarka kuma kar tafiyar ta faɗa cikin azumi, don hawan tudu awa 6 ba ruwa ba abin gwadawa ba ne.

Abubuwa biyu na can da ke taɓa jadawali. Asabar ta ƙarshen kowane wata ranar aikin gayya ce da suke kira Umuganda, da safe shaguna a rufe suke, motocin haya ma ba sa tashi sai wajen hantsi ya ɗaga sosai. In ranar komawarka Kigali ta dace da ita, ka yi asarar rabin yini. Daga 7 ga Afrilu kuma ake shiga makon juyayin kisan ƙare dangi na 1994, ba lokacin yawon shaƙatawa ba ne.

Mataki na 2: Yi lissafin da dala, ka tara da dala

Wanda ke Nijeriya ya san dalili. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki canji a Yunin shekarar, a cikin 2024 ta wuce naira 1,500. Wanda ya fara tara naira miliyan ɗaya da niyyar tafiya ya wayi gari kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da yake buƙata ba, kuma bai taɓa ko kwabo a ciki ba. Saboda haka kowane layi na kasafin rubuta shi da dala, kuma duk abin da ka tara a wata ka mayar da shi dala a watan, ko a asusun dala na banki ko ta wurin ɗan canjin da ka yarda da shi.

Mutanen Nijar, Kamaru da Cadi suna da sauƙi ta nan, tunda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kowane yuro ɗaya. Su dai su lura da yadda yuro ke motsi da dala.

Idan za ka riƙe tsabar dala, karɓi sababbin bugu masu tsabta, marasa yagewa ko rubutun biro. A gabashin Afirka 'yan canji sukan ƙi tsoffin takardu, kuma takardar 50 da 100 ta fi ƙananan samun farashi mai kyau. Kuɗin ƙasar faran ne na Ruwanda, shi za ka riƙa kashewa a ƙauyuka. Canja abin da zai kai ka ƙarshen hanya tun a Kigali ko Rubavu. Katin banki kuwa, je ka tambayi bankinka baki da baki ko yana aiki a waje da kuma iyakar abin da za ka iya cira, kar ka bari sai kana tsaye gaban na'urar cirar kuɗi a Kigali ka gano.

Mataki na 3: Takardu

Wannan shi ne dalilin da ya sa na zaɓi Ruwanda don misali. 'Yan ƙasashen Tarayyar Afirka suna shiga har kwana 30 ba tare da biyan kuɗin biza ba. Kwatanta da mai son zuwa Morzine ko Les Gets a Faransa: bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ce tun Yunin 2024, ban da kuɗin ofishin karɓar takardu, ga inshorar dole da za ta ɗauki aƙalla yuro 30,000, ga takardun banki, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Mai irin wannan tafiya kar ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Abin da za ka sa a layin takardu na Kivu shi ne sabunta fasfo in saura bai kai wata 6 ba, da katin rigakafin shawara. Allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana 10 da yin ta, kuma tun 2016 katin na har abada ne, in kana da shi nemo shi kawai. Sai maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro in likita ya ga ya dace, da ɗan akwatin magani: bandeji, maganin wanke ciwo, gishirin zawo, maganin ciwon jiki.

Mataki na 4: Jirgi, da hanyar zuwa wurin jirgin

RwandAir yana tashi zuwa Kigali daga Legas, Akara da Duwala. Ethiopian Airlines yana ɗauka daga Kano, Yamai da Injamena ya bi da kai ta Adis Ababa. Kar ka kwatanta farashin tikiti da tikiti kawai. Mutumin Katsina da ya ga na Legas ya fi araha, ya haɗa da kuɗin zuwa Legas da dawowa, da kwanan otal, da tasi. Sau da yawa in an haɗa, na kusa da gida ya fi sauƙi.

Fara leƙa farashi wata 3 zuwa 4 kafin tafiya, ka guje wa ƙarshen Disamba. Kafin ka biya, karanta abu uku: jaka nawa aka ba ka, nawa ne canja ranar dawowa, da abin da suka ce game da keke. Wannan na ukun shi ya kai mu babbar shawara.

Mataki na 5: Ka tafi da kekenka ko ka yi haya?

A nan zan daɗe, don nan ne kasafi yake gyaruwa ko ya lalace.

In za ka tafi da naka, ga abin da ke jiranka. Keke ba ya shiga jirgi tsirara, sai a kwali ko jaka ta musamman. Kwali shi ne mai araha: je wurin masu sayar da sababbin kekuna ka sayi wanda aka cire keke a ciki. Za ka cire feda biyu, ka tuna ta hagu a juye take kwancewa. Ka cire tayar gaba, ka juya kan keken ya kwanta a jikinsa, ka sauke sirdi, ka rage iskar taya. Giyar baya kwance ta ka naɗe da tsumma ka ɗaure a jikin firam, don ita ce ta fara lanƙwasa in aka jefa kwalin. In birkinka mai faifai ne, cusa ɗan kwali tsakanin robobin kada su manne.

Yawancin kamfanoni suna ba da kilo 23 a kowace jaka ga masu ƙaramin tikiti, kuma ba sa karɓar abu guda da ya wuce kilo 32. Keken tsauni da kwalinsa sukan kusa cinye kilo 23 ɗin tun ba ka sa takalmi ba. Wasu kamfanonin suna lissafa keke a cikin jakunkunanka, wasu suna karɓar kuɗi daban, kuma sau biyu za ka biya, zuwa da dawowa. Rubuta musu ka sami amsa a rubuce, ka buga ta a takarda. Na taɓa tsayawa gaban sikeli da asuba, kwalina ya nuna kilo 26, ma'aikaciyar ta ce ba ta san da wata yarjejeniya ta waya ba. Sai da na yanke salatif a gaban jama'a, na kwaso famfo da makullai da takalmi na cusa a jakar hannu, makullan kuma aka karɓe su a wurin bincike. Tun ranar nake auna kwali a sikelin mai sayar da hatsi na unguwarmu kafin in bar gida.

Mai keken lantarki ya manta da maganar. Batirin da ya wuce awon 160 na ƙarfin wat a awa ba ya shiga jirgin fasinja, batirin keke kuwa ya ninka haka.

Bayan jirgi akwai sauran kuɗi. Kwali ba ya hawa acaɓa, sai babbar mota daga filin jirgi. Motar haya zuwa Rubavu za ta iya karɓar kuɗin kaya. Kwalin kuma dole ka bar shi a Kigali har ka dawo, don haka zaɓi masauki ɗaya na daren farko da na ƙarshe, ka roƙe su su ajiye maka.

In haya za ka yi, a Rubavu da Musanze da Kigali akwai masu ba da hayar keken tsauni tare da ɗan jagora. Duk wahalar kwali ta faɗi. Amma ga tambayoyin da za ka aika musu tun kana gida, kuma amsar kowace layi ce a kasafinka:

Nawa ne a yini, kuma ranar gwaji tana ciki? Akwai kuɗin ajiya, da tsaba ake biya ko da kati? Hular kwano, famfo da kayan faci suna ciki? In sarƙa ta tsinke ko wili ya lanƙwashe, wa zai biya? Suna da girman da ya dace da tsawona?

Sai wadda kowa ke mantawa: na ɗauki keke a Rubavu, na gama a Rusizi, wa zai mayar da shi? Tsakaninsu tafiyar yini ce a mota. Ko dai ka biya a mayar, ko ɗan jagora ya komo da shi kuɗin motarsa a wuyanka. In ba a yi wannan magana tun farko ba, a ranar ƙarshe za a yi ta, lokacin da aljihu ya yi sanyi kuma ba ka da bakin ciniki.

Lissafin yanke shawara mai sauƙi ne. A gefe ɗaya haɗa kuɗin jirgin keke zuwa da dawowa, kwali, ƙarin kuɗin motoci, da gyaran da za ka yi masa kafin tafiya. A ɗaya gefen haɗa hayar yini sau kwanaki da kuɗin mayarwa. A ganina tafiyar da tuƙinta bai wuce mako ɗaya ba haya ta fi, musamman ga mai zuwa karon farko. In ta kai mako biyu, ko kuma kekenka na kirki ne da jikinka ya saba da shi, tafi da shi. Ko da haya ka zaɓa, ɗauki sirdinka da hular kwanonka. Sirdin da ba ka saba da shi ba yakan gama da mutum a rana ta biyu. Ranar karɓa kuma matsa birki ka gane wanne hannu ne na gaba, domin ba duk ƙasashe suke ɗaura shi gefe ɗaya ba, kuma a gangara ba a koyon wannan.

Mataki na 6: Kayan gyara da na jiki

Layi ne ƙarami a kuɗi, amma rashinsa yana iya cinye kwana guda. Tif biyu, faci da gam, famfon hannu, makulli mai baki da yawa, abin haɗa sarƙa, man sarƙa, robar birki ta canji. In da naka ka tafi, ƙara ɗan ƙarfen nan da ke riƙe da giyar baya a jikin firam. An yi shi ne don ya karye a madadin firam in keke ya faɗi, kuma kowane samfurin keke da irin nasa. A ƙauyukan bakin Kivu akwai masu gyaran keke da yawa, don keke abin sufuri ne a can, ana ɗaukar ayaba da buhun dankali da fasinja a kansa. Amma irin kekunan ɗaukar kaya suka sani, ba za ka sami wannan ɗan ƙarfen a wurinsu ba. Saye shi tun a gida.

Na jiki: wando mai soso, safar hannu, rigar ruwa mara nauyi, riga mai ɗumi don dare akwai sanyi, gora biyu ta ruwa, fitila. Yawancinsu a gwanjo za ka same su. Abu biyu ne ban yarda a yi musu tsimi ba, hular kwano da birki. Kuma kar ka naɗe kayanka a leda, Ruwanda ta hana ledar roba tun 2008, ana iya karɓe ta a wurin shiga. Nemi jakar da ruwa ba ya shiga.

Mataki na 7: Kuɗin kullum

Masauki a hanyar iri-iri ne: ƙananan gidajen baƙi, masaukan coci, wuraren kafa tanti, da otal-otal a Rubavu, Karongi da ke tsakiyar hanyar, da Rusizi. A Kinunu akwai wurin wanke 'ya'yan kofi da masu keke suka saba yada zango. Tambayi farashin kowanne ka rubuta a gaban ranarsa, ka tambaya ko da karin kumallo. In ku biyu ne a ɗaki, layin ya ragu sosai.

Abinci ka sa masa fiye da yadda kake tsammani, mai hawan tudu yana cin na mutum biyu. Mafi araha shi ne na gidajen abinci da ake jera tukwane ka cika faranti: shinkafa, wake, dankali, ayabar dafawa, ganye. A bakin tafki akwai 'yan ƙananan kifaye da ake soyawa, sambaza. Akwai kuma nonon da suke kira ikivuguto, kamar kindirmo. Musulmi ya riƙe kalma ɗaya: akabenzi naman alade ne, kuma a wurin da ake gasa tsiren akuya ana iya gasa shi. A Kigali unguwar Nyamirambo ce ta Musulmi, akwai masallatai da abincin halal. A ƙauye kuwa kifi da wake da ƙwai sun fi kwanciyar hankali, sun kuma fi sauƙi. Ruwan sha na gora ma layi ne, lita 3 zuwa 4 a yini.

Ɗan jagora ba dole ba ne, amma a karon farko ina ganin kuɗinsa halal ne. Ya san mararraba, yana jin Kinyarwanda, ya san gidan da za a buga in dare ya yi. Tambayi ko abincinsa da kwanansa suna cikin kuɗin da ya faɗa. In ku huɗu ne kuka raba, abin ba ya nauyi. Haka motar da ke bin mutane da jakunkuna: daɗi gare ta, tsada gare ta, sai ƙungiya. Mai tafiya shi kaɗai ya rage kaya ya ɗaura a keke.

Sayi layin waya na can da fasfonka, ka sa masa data da ɗan kuɗi a asusun waya, don ana biya da shi kusan ko'ina.

Sai kwaɗayin gefen hanya. Dajin Nyungwe yana kusa da Rusizi, shigarsa da kuɗi. Ganin goggon biri a dajin Volcanoes dala 1,500 ne ga baƙon waje a cikakken farashi. Yanke shawara tun a gida ko suna cikin tafiyar, kar ka bari sai abokan tafiya sun ce mu je.

Mataki na 8: Inshora da kuɗin ko-ta-kwana

Inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar wanda ya faɗi a keke a hanyar da ba kwalta. Karanta ka ga an ambaci keken tsauni da sunansa, da kuɗin asibiti, da ɗauko mutum daga ƙauye zuwa Kigali ko mayar da shi gida. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba ya tambayi kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci.

Akwai wani abin dubawa na wannan hanya musamman. Rubavu tana manne da Goma, Rusizi kuma tana kallon Bukavu, duka a gabashin Kwango, inda 'yan tawayen M23 suka kama Goma a Janairun 2025, suka kama Bukavu a Fabrairu. Wasu kamfanonin ba sa biya in abu ya faru a yankin da aka gargaɗi matafiya a kansa. Bi labarai, ka tambayi kamfanin a rubuce, kuma wannan wani dalili ne na sayen tikitin da ake iya canja masa rana.

Bayan ka haɗa komai, ɗora kashi 20 cikin 100. Wannan ba kuɗin tsaraba ba ne, ba kuma na ƙarin kwana don wuri ya yi daɗi ba. Na ranar da gwiwa ta ƙi ne ka ɗauki mota, ko jirgi ya ɗaga tashi. Raba shi biyu, rabi tsaba a jikinka a wurin da ba jakar kuɗinka ba, rabi a banki ko a hannun ɗan'uwan da zai iya turo maka cikin awa ɗaya.

Mataki na 9: Haɗa jimla ka raba ta wata-wata

Ga yadda takardar take kasancewa. Lambobin na koyon lissafi ne, kai za ka cike gurbinsu da farashin da aka ba ka. A ce ku huɗu ne, haya za ku yi:

Tikiti: dala 700
Zuwa garin da jirgi zai tashi da komowa, da kwana ɗaya: 90
Masauki, kwana 9 a kan 35: 315
Abinci da ruwa, yini 10 a kan 20: 200
Hayar keke, yini 6 a kan 30: 180
Rabonka na ɗan jagora: 50
Motoci a cikin ƙasar, da mayar da keke: 60
Inshora: 60
Kayan gyara da na jiki: 80
Rigakafi da magani: 40
Layin waya: 15
Tsaraba da ihsani: 110

Jimla dala 1,900. Ɗora kashi 20, wato 380, ya zama 2,280. In shekara guda ka ba kanka, dala 190 ke nan a wata. Ka lura tikitin da aka fara tambaya bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ka kuma lura da abin da na faɗa a kan canji: wannan 2,280 ɗin a kan naira 460 ya kama 1,048,800, a kan 1,500 kuwa 3,420,000.

Akwai layi biyu da ba sa cikin jerin don da kuɗin gida ake biyansu, amma dole su shiga. Na farko cefanen iyali na kwana 10 da za ka bari, har da na ko-ta-kwanansu. Na biyu abin da za ka rasa in sana'arka ta hannu ce ko shago, wadda in ba ka nan ba ta kawo komai. Mai albashi ya nemi hutunsa a rubuce kafin ya sayi tikiti.

Wajen tarawa, in adashe ya fi kama ka, shiga, amma nemi kwasarka ta faɗo wata 3 ko 4 kafin tafiya, daidai lokacin sayen tikiti. Bashi dai kar a ci don yawo. In wata uku a jere ka kasa cika abin da ka ɗora wa kanka, ɗaga tafiyar ko ka gajarta ta: daga Rubavu zuwa Karongi kaɗai ma tafiya ce, kuma nan ne mafi yawan hanyar ƙasa da tudun da ake zuwa dominsu, don can kudu kwalta ta yi yawa. Ka rage kwana 2 na masauki da haya, motar mayar da keke ma ta yi kusa.

In kuna da yawa, naɗa ma'aji ɗaya. Kowa ya zuba daidai a asusun gayya na mota, jagora da ruwa, shi kuma ya riƙa rubutawa kowane dare. Abin da mutum ya ci shi kaɗai ya biya da kansa. Na ga abota ta yi tsami a kan kuɗin kwalbar lemo.

Cikin watannin tarawa ka ware ɗan abu na atisaye. Wata 3 kafin tafiya ka riƙa neman tudu duk mako, in da hali ka je Jos ka yi kwana biyu a jere kana hawa da jakar da za ka tafi da ita. A nan za ka gane ko wandon yana cizo, ko giyar ta isa, tun gyaran yana da araha.

Takardar kasafin kuma tafi da ita. Ja layi a gefen kowace lamba, kowane dare bayan isha'i ka rubuta abin da ka kashe na gaskiya. In zuwa rana ta 5 ka ga abinci ya zarce, ka san daga tsaraba za a cire, ba daga ko-ta-kwana ba. Ranar ƙarshe a Kigali ka bar kuɗin motar filin jirgi da na shayi, sauran faran ɗin ka mayar da shi dala kafin ka tashi, don a kasuwar canji ta Wapa a Kano ba wanda zai karɓe shi a hannunka.